DOKTA ELLIOTT JOSLIN: LIKITAN DA YA KOYA WA MASU CIWON SUKARI AWON ABINCI

Duk mutumin Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal wanda likita ya taɓa gaya masa yana da ciwon sukari, ya san shawarar farko da 'yan'uwa kan ba shi, watau a aika Jos a sayo masa acca. Direbobin da ke ɗauko dankalin Turawa da kabeji da karas daga Filato zuwa Kudu sun saba da irin wannan sautu. Amma sau da yawa mutum zai yi wata da watanni yana cin tuwon acca safe da yamma, ya koma asibiti a auna shi, a tarar sukari yana nan inda yake. Sai ya shiga zargin ko accar ce ba ta da kyau, ko kuwa likitan ne bai iya aiki ba.

Akwai wani likita ɗan Amurka da ya yi shekara sittin da ɗoriya yana bayanin dalilin haka ga marasa lafiyarsa. Sunansa Dokta Elliott Joslin. Sunan ya yi kama da na garin Jos, amma kamar suna ce kawai. Shi ne likita na farko a Amurka da ya keɓe kansa ga ciwon sukari, kuma tarihinsa yana da amfani ga duk mai fama da wannan ciwo, musamman irin wanda ke kama mutum bayan ya manyanta.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Elliott Joslin ran 6 ga watan Yuni na shekarar 1869, a wani ƙaramin gari mai suna Oxford cikin Jihar Massachusetts. Mahaifinsa yana da masana'antar takalma, saboda haka ya tashi a gidan rufin asiri. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, sa'an nan ya shiga makarantar likitoci ta Harvard da ke birnin Boston, ya gama a 1895.

Tun yana ɗalibi, a shekarar 1893, aka ba shi wata mai ciwon sukari ya riƙa dubawa. Ya sami babban littafi irin na 'yan kasuwa ya rubuta labarinta a ciki. Daga ran nan duk mai ciwon sukari da ya zo hannunsa sai ya ba shi lamba, ya rubuta shekarunsa da nauyinsa da abin da yake ci da yadda ciwon ya ƙare da shi. Bai bar wannan al'ada ba har ƙarshen ransa, kuma mutanen da suka shiga littattafan nan sun kai dubbai masu yawa.

A zamanin nan likitoci ba su son ciwon sukari, domin ba su da abin da za su yi wa mai shi. Abu ɗaya dai an fara ganewa. A 1889 waɗansu masana biyu, Minkowski da von Mering, sun cire wa kare wani sashe na kayan ciki da ke kwance bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. A birnin Strasbourg aka yi wannan, lokacin yana hannun Jamus. Joslin ya je Turai ƙaro ilimi, ya ɗauko hanyar babban likitan birnin, Naunyn, wanda ke kula da masu ciwon ta hanyar ƙayyade abinci. A 1898 ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Boston.

MAI LAMBA TAKWAS

Ba a daɗe ba ciwon ya shigo masa gida. Mai lamba takwas a littafinsa mahaifiyarsa ce. Ta manyanta, tana kuma da ƙiba, aka sami sukari a fitsarinta. Ɗanta ya tsara mata abinci, ya rage mata kayan gari da kayan zaƙi, ita kuwa ta bi tsarin sau da ƙafa. Sukari ya ɓace daga fitsarinta, ta rayu fiye da shekara goma bayan haka, alhali ba allura ba ƙwaya, domin ba a ƙago su ba tukuna.

Wannan ya nuna masa abin da littafinsa ke ta maimaitawa. Yara da samari in ciwon ya kama su, sukan rame su mutu cikin shekara ɗaya ko biyu komai aka yi. Manya kuwa, musamman masu jiki, in suka rage ci suka rage nauyi, sai ciwon ya lafa su daɗe. Suna ɗaya, amma hali biyu.

Domin yaran nan, Joslin ya bi hanyar wani likita mai suna Frederick Allen, wadda ta yaɗu tun daga wajen 1914. Hanya ce mai wuya ƙwarai: a bar mara lafiya da yunwa har sukari ya bar fitsarinsa, sa'an nan a riƙa ba shi abinci ɗan kaɗan, abin da zai riƙe rai kurum. Waɗansu sun zama ƙashi da fata, waɗansu ma yunwar ce ta kashe su, kuma an soki likitocin biyu a kan haka. Duk da haka akwai waɗanda hanyar ta ja musu kwana har magani ya iske su.

A 1916 ya wallafa babban littafi domin likitoci, wanda ya gina a kan labarin mutum dubu da ya duba. A 1918 ya fitar da wani ƙarami domin marasa lafiya su karanta da kansu. A lokacin baƙon abu ne likita ya buɗe wa mara lafiya sirrin ciwonsa. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne, likita yakan ga mutum sau ɗaya a wata, amma mutum yana zama gaban akushi sau uku a yini, don haka wanda ya fi sanin ciwonsa shi ya fi daɗewa.

GIDAJE UKU A LAYI ƊAYA

A 1921 ya rubuta wata maƙala a kan rigakafi, inda ya ba da labarin waɗansu gidaje uku da ke jere a babban titin wani ƙauye. Magidanta bakwai suka zauna a gidajen nan, mata huɗu da maza uku, kuma ciwon sukari ya kashe shida daga cikinsu. Ya nuna cewa da zazzaɓin taifot ne ya yi wannan ɓarna, da hukuma ta tashi tsaye an bincika tushen cutar, amma da yake ciwon sukari ne, ba wanda ya ce uffan. Ya nuna da alƙaluman littafinsa cewa yawancin manyan da ciwon ke kamawa nauyinsu ya wuce kima kafin ya kama su.

A wannan shekara ce kuma, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso wani sinadari daga fankiriyas, a ɗakin binciken Farfesa Macleod. James Collip ya tace shi, aka ba shi suna insulin. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Joslin yana cikin likitocin farko da aka aika wa maganin. A watan Agusta 1922 aka yi wa mara lafiyarsa ta farko, wata ma'aikaciyar jinya da ta rame har ba ta iya fita daga gida. Cikin 'yan makonni ta miƙe tana tafiya, ta kuma rayu shekaru masu yawa.

Mutane suka ɗauka magana ta ƙare, kowa ya ci abin da ya ga dama ya yi allura. Joslin bai yarda ba. Ya kwatanta kula da ciwon da keken da dawaki uku ke ja: abinci, da motsa jiki, da insulin. In doki ɗaya ya yi gaba ya bar sauran, keken zai kife.

YADDA ABIN YAKE A CIKIN JIKI

Dalilin wannan kwatanci yana cikin yadda jiki ke sarrafa abinci. Tuwo ko wane iri ne, na masara ko dawa ko shinkafa ko acca, haka nan doya da garin rogo da burodi da dankali, mafi yawan abin da ke cikinsu sitaci ne. In sitaci ya isa hanji sai ya narke ya zama sukari, ya shiga jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki, kamar fetur ga mota. Amma ba shi da amfani muddin yana yawo cikin jini, sai ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, a kuma ajiye ragowar a hanta.

Insulin shi ne mai buɗe ƙofar sito. Da zarar sukari ya ƙaru a jini bayan cin abinci, fankiriyas sai ya sako shi daidai gwargwado, a buɗe ƙofofi, kaya su shiga. Cikin awa biyu zuwa uku sukarin mai lafiya ya koma inda yake.

A ciwon yara, fankiriyas ne ya daina yin insulin, don haka ba makawa sai allura. A ciwon manya kuwa, wanda shi ne na kimanin mutum tara cikin goma na masu ciwon sukari, mai buɗe ƙofa yana nan, ƙofofin ne suka cije. Kitse, musamman na tumbi, da yawan zama, da gado, su ke kawo wannan cijewa. Fankiriyas sai ya ninka aikinsa, ya yi shekaru yana haka ba tare da mutum ya ji komai ba, har ya gaji. Sa'an nan sukari ya taru a jini. In ya wuce wajen 180 a ma'aunin da yawancin na'urorin gwaji ke nunawa, sai ƙoda ta fara zubar da shi, daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da kasala da rama su biyo baya. Hanta kuma takan sako nata sukarin cikin dare ba tare da birki ba, abin da ya sa mutum kan tashi da safe bai ci komai ba a tarar sukarinsa ya hau.

Wani likitan Landan, Harold Himsworth, shi ya bambanta iri biyun nan da gwaji a 1936. A wajen 1960 kuma Rosalyn Yalow da Solomon Berson a New York suka gano hanyar auna insulin cikin jini, suka tarar manya da yawa masu ciwon suna da shi, wani lokaci ma fiye da na masu lafiya. Abin da Joslin ya gani a jikin mahaifiyarsa ya sami bayani ke nan.

Abinci kuma ba gudu ɗaya yake shiga jini ba. Lemon kwalba da shayi mai sukari da kunun zaƙi su ne kan gaba, domin ba su ɗaukar lokaci wajen narkewa. Farin burodi da farar shinkafa da teba da sakwara suna biye. Wake da ganye da kuɓewa da gyaɗa sukan rage saurin. Nama da kifi da ƙwai ba su ɗaga sukari nan take, mai ma haka, sai dai yawan mai yana ƙara ƙibar da ita ce tushen matsalar. Acca hatsi ce mai kyau, amma hatsi ce. Malmala uku ta tuwon acca za ta ɗaga sukari fiye da malmala ɗaya ta tuwon dawa da miyar ganye mai yawa. Gwaten da mutanen Jos ke yi, wanda ganye ya rinjayi hatsi a cikinsa, ya fi kusa da abin da ake nema.

MAKARANTA A CIKIN ASIBITI

A asibitin Deaconess na Boston, Joslin ya mai da ɗakin jinya aji. Marasa lafiya sukan zauna da littafi da fensir. Ana koya musu auna abinci da sikeli, da lissafin sitacin da ke cikin kowane kwano. Ana koya musu gwada fitsarinsu: a ɗiga shi cikin wani shuɗin ruwan magani a tafasa, in ya juya kore ko rawaya ko ja, to akwai sukari, kuma launin shi ke nuna yawansa. Ya horar da ma'aikatan jinya masu bin mutane gida su ga yadda ake girki.

Ana kuma koya musu haɗarin da ke ɗaya gefen. Wanda ya yi allura sa'an nan ya tsallake abinci, ko ya yi aikin ƙarfi fiye da yadda ya saba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Alamunsa su ne rawar jiki da gumi da yunwa da ruɗewa, in ba a yi sauri ba har suma. Maganinsa a sha abu mai sukari nan take, sa'an nan a ci abinci. Wannan ya shafi masu shan waɗansu ƙwayoyin da ke matsa wa fankiriyas ya ƙara sako insulin, irin waɗanda suka fara fitowa a shekarun 1950. Direban babbar mota da ya sha magani da asuba ya kama hanya bai karya ba, ya sa ransa da na jama'a cikin haɗari.

Da insulin ya hana mutuwar gaggawa, sai Joslin ya lura da wata ɓarnar da ke zuwa a hankali. Sukarin da ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin jini, ya taɓa ido da ƙoda da zuciya, ya kashe jin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. A 1934 ya yi rubutu a kan ruɓewar ƙafa, ya nace a riƙa wanke ƙafa ana dubawa kullum, a sa takalmi mai daɗi, kada a raina ƙaramin rauni. A 1924 ya ɗauki wata matashiyar likita, Priscilla White, wadda ta shahara wajen kula da yara da mata masu ciki, a lokacin da mai ciwon sukari sau da yawa takan rasa jaririnta.

GARDAMA DA ABOKAN AIKI

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Mutum ne mai tsanani ga kansa da ga marasa lafiyarsa, mai sammako, mai tsantseni wajen ci, ba ya kuma jin nauyin yi wa wanda ya karya doka faɗa. Waɗansu likitoci, musamman Dokta Edward Tolstoi na New York, suna ganin wannan takura ba ta da dalili, in dai mutum ba ya jin ciwo a bar shi ya ci abin da yake so. An yi shekaru ana wannan gardama, kuma Joslin ba shi da hujjar da za ta rufe bakin kowa sai littattafansa.

A 1946 da 1947 ya sa hukumar lafiya ta Amurka ta auna mutanen garinsu na Oxford. An gwada mutum sama da 3,500. An sami 40 waɗanda da ma sun san suna da ciwon, aka kuma sami waɗansu 30 da ba su da labari sam. A 1948 ya fara ba da lambar yabo ga wanda ya yi shekara 25 da ciwon ba tare da ya taɓa masa ido ko ƙoda ko jijiya ba, domin a ga cewa abin mai yiwuwa ne.

Ya ci gaba da duba marasa lafiya har ya haura shekara casa'in. Ya rasu a ƙarshen watan Janairu 1962 a Brookline kusa da Boston, yana da shekara 92. Cibiyar ciwon sukari da ke ɗauke da sunansa tana nan a Boston, haɗe da makarantar likitoci ta Harvard.

Hujjar da ya rasa ta zo bayan ransa. A 1993 wani babban bincike a Amurka da Kanada ya nuna cewa tsare sukari kusa da na mai lafiya yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi ga masu ciwon yara. A 1998 wani binciken a Birtaniya, wanda aka fara tun 1977 da mutum sama da 5,000, ya nuna haka ga masu ciwon manya, ya kuma nuna muhimmancin kula da hawan jini. A 2001 a ƙasar Finland, da 2002 a Amurka, aka tabbatar cewa mutanen da ke bakin kamuwa, in suka rage nauyi kaɗan suka riƙa tafiya ta kimanin rabin awa a yawancin kwanaki, haɗarin kamuwarsu yana raguwa da kashi 58 cikin 100. Likitocin yau sun sassauta tsananinsa, ba a hana mutum hatsi gaba ɗaya, akan kuma duba shekarun mutum da ƙarfinsa kafin a sa masa iyaka. Amma dawakan nan uku suna nan yadda ya bar su.

ABIN LURA GA MAZAUNA KUDU

Mutumin da ya tashi a ƙauye yana noma, yana tafiya kasuwa a ƙasa, malmala uku ba ta dame shi ba, domin tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini ko da insulin kaɗan ne. Ya zo Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ya zauna a rumfa ko shagon canji ko bakin ƙofar gadi daga safe har dare. Karin kumallo burodi da shayi, rana teba ko shinkafa da lemon kwalba, dare tuwo sa'an nan barci. Cin bai ragu ba, aikin ne ya ragu. Tumbi ya fito, abokai suna yi masa barka da samun daula.

Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da tumbi, ko ciwon yake cikin danginsu, ya kamata ya je a auna jininsa ko da ba ya jin komai, domin kada ya zama cikin irin mutum 30 ɗin nan na Oxford. In aka auna da safe kafin a ci komai aka sami 126 ko fiye, aka sake aka sami haka, to ciwon ne. Waɗansu na'urori suna amfani da ƙaramin ma'auni, a wurinsu 7 ke nan. Wanda kuma yake da ciwon, ya auna kafin ya ci abinci da awa biyu bayan ya ci, zai gane da idonsa wane kwano ne ke ɗaga masa sukari da kuma nawa ne ya ishe shi. In likita ya ce lokacin allura ya yi, ba alamar ajali ba ce, fankiriyas ne ya gaji yana neman taimako. Kada kuma a ajiye maganin asibiti saboda an sami jiƙo ko buhun acca.

A ci gaba da yin sautun acca daga Jos, ba laifi. Sai dai a haɗa da ganye da wake, a rage malmala, a taka ƙasa bayan an ci, a kuma riƙe ranar komawa asibiti. Da awo mahaifiyar Dokta Joslin ta ƙara shekara goma da ɗoriya a duniya, tun kafin a san allura.